Daƙiƙa Goma a Kan Ƙafa Ɗaya

Shekara arba'in da huɗu Kafinta ya yi yana hawa rufin gidajen mutane da ƙusoshi a baki, babu wanda ya taɓa tambayarsa ko zai iya tsayawa da ƙafa ɗaya. Sai da babban ɗansa ya sayi waya mai faɗin allo.

Babban ɗan nan akawu ne a wani ofishi, aikinsa jera takardu a fayil da buga hatimi. Amma da ya shigo gida ya cire takalmi sai ya koma likita, ya koma masanin abinci, har masanin barci. Yana kuma da wata ɗabi'a da babu wanda ya sani sai matarsa: ba ya karanta labari ya wuce kanunsa da layi biyu na farko, domin daga nan talla take tare allon, shi kuwa ba shi da haƙurin jiran ta wuce. Da waɗannan layuka bibbiyu yake mulkin gidan ubansa.

Wata ranar hutun ƙarshen mako, an gama cin abincin rana a tsakar gida, Akawu ya gyara murya ya ɗaga wayar. Ya ce masu bincike sun gano cewa duk mai shekaru da ya kasa tsayawa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa goma, to mutuwarsa ta kusa.

"Mutuwar wa ce ta yi nisa?" in ji Kafinta, yana sakace.

"Baba, ba wasa ba ne. Bincike ne. Turawa suka yi."

Kafin a ce haka gidan ya miƙe. Matar Akawu ta yi ashirin tana dariya. Auta, ƙanwar Akawu, malamar makaranta, ta yi talatin har da naɗe hannu a ƙirji. Akawu da kansa ya kai tara ya dire, ya ce agogon wayar ne ya maƙale, ba a kuma sake gwada shi ba. Mama, matar Kafinta, ta ce ita ba shamuwa ba ce, ta kwashe kwanuka ta shige kicin. Sai ido ya koma kan tsohon.

Ya tashi ne don kawai ya rufe musu baki. Ya ɗaga ƙafar dama, ya tsaya a kan ta hagu, wadda gwiwarta ta taɓa gocewa lokacin da tsani ya zame da shi yana ɗan shekara talatin. Daƙiƙa uku. Ya sauya, ya tsaya a kan ta dama, wadda falanki ya taɓa faɗo wa a idon sawu. Daƙiƙa huɗu, ya dafa bango. Kowa a gidan ya san tarihin ƙafafun nan biyu, amma babu wanda ya tuna, domin layuka biyun Akawu ba su yi maganar tsani ko falanki ba.

Auta ta kai gefen gyale ido. Shi ma Kafinta, a faɗi gaskiya, ya tsorata. Mutumin da bai taɓa jin tsoron tsayin bene ba, ga shi lamba huɗu ta razana shi.

A yammacin nan aka yanke hukunci. Babu sauran zuwa shago, babu hawa rufi, babu ɗaga katako, sai ya huta jikinsa ya dawo. Kafinta ya ce yana da ƙofar mai gidan burodi a kan teburin aiki, rabinta a haɗe. Aka ce ƙofa ba ta fi rai ba. Ya yi faɗa, ya kira Akawu da sunan da bai kira shi da shi ba tun yana firamare. Amma da Mama ta fito daga kicin da jajayen idanu ta ce, "Don Allah ka ba su, ko ni na samu kwanciyar hankali," sai ya zaro mabuɗin shagon daga aljihun ciki ya ajiye a kan tabarma.

"Da sharaɗi," ya ce. "Ranar da na yi goman nan, a ba ni abina."

"Ranar da ka yi goma, Baba, ni da kaina zan raka ka," in ji Akawu, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma wanda ya ceci ran ubansa sau ɗaya ba ya iya dainawa. A mako na farko ƙwai ya tafi, domin bincike ya ce yana toshe jijiya. A na biyu gishiri ya bi shi. Sai sukarin shayi, sai madarar shayin, sai shayin kansa, saboda an ce mai zafi yana ƙona maƙogwaro, kuma Kafinta ya rantse ba zai sha shayi mai sanyi ba ko da za a ɗaure shi. Nama ya kai mako na biyar kafin a kore shi. Burodi ya yi ƙoƙari ya kai na shida. Akawu ya rubuta jerin abubuwan da aka haramta a takardar ofis, ya manna a ƙofar kicin, yana ƙara layi duk ranar hutu, har takardar ta cika ya liƙa mata wata a ƙasa.

Wata rana Auta ta turo wani labarin da ya ce ƙwai ba shi da laifi, har ma yana da amfani ga tsofaffi. Aka yi zaman shari'a. Akawu ya ajiye wayarsa kusa da tata, ya duba wannan ya duba wancan, sannan ya yanke cewa nasa ne sahihi, domin a nasa akwai hoton mutum da farar riga da abin awon ƙirji a wuya, nata kuwa hoton kaza ne kawai. Auta, wadda take koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ta gyaɗa kai ta ce gaskiya ne kuma.

Abin da ya rage wa Kafinta shi ne dafaffen kabeji, da karas, da shinkafa cokali huɗu ba mai ba gishiri, da ruwan ɗumi. Mama ce ke dafawa, ita ce ke kawowa, tana kau da kai kada ta ga yadda yake kallon kwanon. Sau ɗaya ya roƙe ta, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman ta saci wani abu.

"Ƙwai ɗaya. Babu wanda zai sani."

"In wani abu ya same ka fa? Su ce ƙwan da na ba ka ne? Ina zan sa kaina?"

Bai sake tambaya ba. Ya fahimci cewa a gidan nan yanzu yunwa ba ta da mai laifi, ƙwai ne yake da shi, kuma babu wanda yake son a kama shi da shi a hannu.

Shi ma kuma kada a wanke shi tas. Tsohon ya shiga nasa shirmen da ƙafar dama. Ya ƙudurta a ransa cewa goman nan ƙofa ce, in ya buɗe ta ya sayi shekara goma ke nan, kamar mutuwa tana tsaye a bakin zaure da agogo tana jiran ta ga sakamako. Akwai wani siririn lungu tsakanin banɗaki da kicin, inda in mutum ya karkata bango zai tare shi ta kowane gefe. Nan ya mayar wurin aikinsa. Da safe bayan kowa ya fita, ya tsaya ya ɗaga ƙafa. Kafin azahar ya sake. Da la'asar ya sake. Ya gano cewa in ya kafa ido a kan wata ƙusa da ke jikin bango, ya buɗe yatsun ƙafa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, yana ƙara daƙiƙa ɗaya ko biyu. Mutum ne mai koyon sana'a, kuma ya ɗauki abin a matsayin sana'a.

Sauran yinin kuwa a kujera yake ƙarewa. An hana shi ɗaukar bokiti, an hana shi gyara ƙafar teburin da ke rawa a gabansa kullum. Da ya nufi ƙofar gida sai a tambaye shi ina zuwa. Hannayen da suka saba da zarto tun safe har yamma suka koma zama a cinya. Kantar tafinsa ta fara laushi tana ɓarewa, yana zaune yana cire ta da farce. Mama ta ƙara wa bel ɗinsa huji ɗaya da ƙusa mai zafi, bayan mako uku ta ƙara wani. Akawu ya ga haka ya yi murna, ya ce tumbi ne ke tafiya, alhali mutumin bai taɓa yin tumbi ba a rayuwarsa.

A mako na tara ya tashi daga kujera jiri ya kwashe shi, ya zube a kan tabarma. Aka ɗauke shi sai asibiti.

Likitar mace ce, ba yarinya ba, mai tabarau a saman goshi da fuskar wadda ta ga marasa lafiya arba'in kafin su. Ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta ɗora shi a ma'auni, ta tambayi abin da yake ci. Akawu ya yi caraf ya zaro hoton takardar ƙofar kicin, ya miƙa mata da alfahari. Ta karanta har ƙasa, ta sauke tabarau, ta sake karantawa.

"Wa ya rubuta masa wannan?"

"Ni ne, likita. Duk daga bincike."

"Wane ciwo aka same shi da shi?"

"Bai iya tsayawa da ƙafa ɗaya ba." Ya nuna mata labarin.

Ta karɓi wayar, ta jira tallar ta wuce, abin da mai wayar bai taɓa yi ba, ta yi ƙasa da yatsa tana karantawa. Sannan ta yi magana a hankali, irin ta wanda ya gaji da maimaita abu ɗaya.

"Ka ga, irin wannan bincike taron mutane ake bi shekara da shekaru, a ga su wa suka fi mutuwa. Ba a ce duk wanda ya kasa zai mutu ba. Ka karanta ƙasa, yawancin waɗanda suka kasa suna nan da ransu har aka gama. Kuma da yawansu dama suna da wasu cututtukan, ciwon zuciya ne, ciwon suga ne. Kasa tsayawar alama ce kawai da za ta sa a duba mutum, ba ita ke kashewa ba. Baba kuma ya ce yana da tsohon rauni a ƙafa biyu, to me kake so ya yi? Na duba shi, zuciyarsa lafiya, jininsa lafiya. Abin da ke damunsa yunwa ce da zama. Tsoho in ya zauna ba aiki ba abinci, naman jikinsa zubewa yake yi da sauri, kuma dawo da shi ba wasa ba ne. Ku ba shi abinci irin na mutane, ku bar shi ya motsa."

Kafinta ya ji kamar ya tashi ya rungume ta. Ya kalli ɗansa, ya ga yana gyaɗa kai da ƙarfi, ya ce a ransa yau dai an zo wurin.

A mota Auta ta kira tana tambayar me likita ta ce.

"Ta tabbatar," in ji Akawu. "Da bakinta ta ce alama ce. Ta ce kuma naman jikin tsoho zubewa yake yi da sauri. Kin ga dole a ƙara kula."

"Ba haka ta ce ba," in ji Kafinta daga kujerar baya. "Cewa ta yi a ba ni abinci, a bar ni na yi aiki."

"Motsi ta ce, Baba, ba aiki ba. Kuma kana motsawa ai, ba kana gwajin ƙafarka ba? Likitocin nan ma ba duka suke bin sabon bincike ba. Ka ga yadda ta daɗe tana karantawa? Yau ta fara ganinsa."

Abin da zuwa asibitin ya haifar shi ne an ƙara masa cokali biyu na shinkafa, aka kuma saya masa wani garin ganye a gwangwani mai hoton tsoho yana gudu a bakin teku. Mabuɗi dai yana aljihun Akawu, domin sharaɗi sharaɗi ne, kuma Kafinta da bakinsa ya gindaya shi. Sai ya koma lungunsa da zuciya ɗaya. Ya ƙyale maganar likita, tunda ba ita ke riƙe da mabuɗin ba. Ya kai bakwai. Ya kai takwas ya tsaya a nan kwana goma kamar an dasa shi. Rashin nauyin ma ya taimaka, domin gwiwar ba ta da wani abin kirki da za ta ɗauka yanzu. Ranar da ya ƙirga goma sha ɗaya a hankali, ba tare da ya yi wa kansa maguɗi ba, sai da ya zauna a bakin banɗaki ya share hawaye.

Ranar hutu ta mako na goma sha uku aka taru a tsakar gida. Akawu ya saita agogon waya, Auta ma ta saita nata don kada a sake samun maƙalewa. Kafinta ya fito tsakiya, wandonsa na yawo a jikinsa, ya zaɓi wani tabo a bango ya kafa masa ido, ya ɗaga ƙafa. Biyar. Takwas. Goma. Bai sauke ba. Sai da ya kai goma sha shida, don a san da shi ake, sannan ya dire a hankali ya miƙa hannu.

Aka yi tafi. Akawu ya fi kowa murna, yana ta cewa a duba abin da tsarin abinci ya yi, daga huɗu zuwa sha shida a wata uku. Ya ɗauki hoton ubansa ya tura wa abokan ofis, har da hoton takardar kicin, ga duk mai son ya gwada a kan nasa tsohon. Amma ya cika alkawari. Ya sa mabuɗin a tafin Kafinta, ya ce gobe da safe kafin ya wuce aiki zai raka shi.

Daga gidan zuwa shagon tafiyar minti goma sha biyar ce, wadda Kafinta ya saba yi da falanki a kafaɗa. Ran nan sau biyu ya tsaya, ya yi kamar yana duba wani gini da aka fara. Mai walda na maƙwabtan shagon ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya dube shi, ya sake dubawa, sannan ya taso da sauri.

"Baba Kafinta? Ashe jinya ka yi haka ba mu sani ba? Sannu. Me ya same ka?"

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Akawu. "Yanzu ma ya fi da."

Kwaɗon ya yi tauri, sai da mai walda ya ɗiga masa mai. Ciki komai yana inda aka bar shi, zarto a rataye, guduma a kan teburin aiki, fensir a bakin taga, dusar katako ta kwanta a ƙasa da ƙura a kanta. Ƙofar mai gidan burodi tana kwance, rabi a haɗe. Mai walda ya ce mai ita ya zo sau uku, daga baya ya sa an yi masa ta ƙarfe. Kafinta ya ce ba komai, zai ƙarasa ta, ƙofa ba ta rasa mai so. Warin katakon ya cika masa ƙirji, ya ji wani daɗi da ya manta da irinsa.

Ya naɗe hannun riga, ya nufi falankin da ya jingina a bango tun wancan lokacin don ya yanke gefen ƙofar. Ya san nauyinsa, shi ya shigo da shi da hannu ɗaya. Ya kama, ya ɗaga. Falankin ya tashi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, hannayensa suka ɗauki rawa tun daga kafaɗa, ya sake shi ya koma da ƙara. Ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a tafi, ya sake kamawa. Wannan karon ko tashi bai yi ba.

Ya bar shi, ya ɗauki zarto, ya ɗora a kan wani guntun katako da ke bakin teburin, abin da da yake yankewa yana hira. Ya ja sau shida. A na bakwai zarton ya maƙale, numfashinsa ya sarƙe, ya dafa teburin da hannu biyu yana kallon ɗan layin da ya yi, wanda bai kai zurfin farce ba, kuma a karkace. Mai walda ya juya ya koma wurin aikinsa.

Akawu ya matso ya dafa kafaɗar ubansa, murya cike da tausayi na gaskiya, wanda shi ne ya fi komai ciwo.

"Ka gani ko, Baba? Ashe ƙarfin ya daɗe da tafiya, mu ne ba mu lura ba. Ka yi tunani da a kan rufin mutane wannan ya same ka. Allah ne ya taimake mu muka gano da wuri."

Kafinta ya jira numfashinsa ya dawo. Ya mayar da zarton ya rataye a ƙusarsa, ya sauke hannun riga ya ɓalla maɓalli. Da suka fito shi ya rufe ƙofar, ya danna kwaɗon, ya ja shi sau biyu ya tabbatar ya kama. Sannan ya miƙa wa ɗansa mabuɗin, ba tare da kowa ya tambaye shi ba.